Larabawa da Afirka: ina biliyoyin da ake ta alƙawari suke maƙalewa?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake jin cewa Larabawa 'yan'uwanmu ne, kuma kusan duk shekara sai ya ji a rediyo an yi taro a Riyad ko Dubai ko Alƙahira an yi wa Afirka alƙawarin biliyoyin daloli. Shi kuwa abin da yake gani da idonsa shi ne wahalar biza da labarin 'yan mata masu aikatau da ake wulaƙantawa. To wannan dangantaka zumunci ne na gaskiya, ko ci da gumin Afirka ne aka lulluɓe da addini?

Malam, na daɗe ina bibiyar wannan al'amari, na kuma zauna a wasu ɗakunan da ake ƙulla irin waɗannan yarjejeniyoyi, don haka bari in faɗa maka ra'ayina tun daga farko. Zumuncin yana nan, yana da tarihi, yana da shaida. Sai dai gwamnatoci da lissafi suke hulɗa. Kowace ƙasar Larabawa tana zuwa Afirka ta san abin da ta zo nema, a rubuce yake. Yawancin gwamnatocinmu kuwa da jawabin 'yan'uwantaka da doguwar takardar buƙatu suke zuwa teburin. A nan ake yi mana nisa, kuma wannan ne abin da ya fi damuna.

Kafin mu yi nisa, akwai gyara ɗaya. Idan muka ce Larabawa da Afirka, sai a ɗauka gidaje biyu ne da katanga a tsakani. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, wadda aka kafa a Alƙahira a 1945, tana da mambobi 22, kuma goma daga ciki a Afirka suke: Masar, Sudan, Libiya, Tunisiya, Aljeriya, Maroko, Muritaniya, Somaliya, Jibuti da Komoros. Mafi yawan mutanen da ke cikin wannan ƙungiya a nahiyarmu suke kwana suke tashi. Hanyoyin ma tsofaffi ne. A ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da mahajjatansu. Mansa Musa ya ratsa birnin a 1324. Shehu Maghili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma hanyar da ta kawo littattafai ita ce dai ta kwashi bayi zuwa arewa, kuma a 1591 rundunar Maroko ce ta rusa daular Songhai. Duk wanda ya ba ka rabin wannan tarihi ya ɓoye rabi bai yi maka adalci ba, ko wanne rabin ya zaɓa.

Diflomasiyyar zamani ta fara da ƙafar dama. Shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya ɗauki Afirka da muhimmanci, ya buɗe wa masu fafutukar 'yanci ofisoshi a Alƙahira, gidan rediyon birnin ya riƙa watsa shirye-shirye da Suwahili da Hausa. A hannun mayaƙan 'yancin Aljeriya Nelson Mandela ya sami horon soja a 1962, bayan nan kuma birnin Aljiyas ya zama matattarar 'yan gwagwarmaya daga Angola, Mozambik da Gini Bisau. A wancan lokacin abokin gaba ɗaya ne, wato mulkin mallaka, saboda haka babu wanda yake tambayar nawa zan samu.

Shekarar da nake so ka riƙe ita ce 1973. Wanda ya fahimci abin da ya faru a shekarar ya fahimci sauran labarin.

A watan Oktoba yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya. Masar mamba ce a Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ana mamaye da yankinta na Sina'i tun 1967, ga shi kuma sojojin Isra'ila sun tsallako mashigin Suwez zuwa gaɓar yamma. Ƙasashen Afirka suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya suna yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila. Nijar, Mali, Chadi da Yuganda sun riga sun yanke kafin yaƙin, Nijeriya ƙarƙashin Janar Gowon ta yanke a cikin watan. Cikin mambobin ƙungiyar, Malawi, Lesoto, Suwazilan da Morishiyos ne kaɗai suka rage. Ba ƙaramin abu suka sadaukar ba, domin Isra'ila tana da ƙwararrun noma da masu horar da soja da kamfanonin gine-gine a ƙasashe da dama.

Cikin 'yan watanni farashin gangar mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Nijeriya da Gabon masu mai suka ci riba, amma Tanzaniya, Kenya, Gana da ƙasashen Sahel suka shiga uku, su na Sahel ma suna tsakiyar fari. Shugabannin Afirka suka nemi a sayar musu da mai a farashin ragi, masu mai suka ce farashi ɗaya ne ga kowa. Abin da aka yi a maimakon haka shi ne taron ƙolin Larabawa na Aljiyas a Nuwambar 1973 ya amince da kafa bankin BADEA domin raya ƙasashen Afirka waɗanda ba na Larabawa ba. Bankin ya fara aiki a Khartum a 1975 da jarin dala miliyan 231, aka kuma buɗe wani asusun gaggawa na dala miliyan 200. A taron ne kuma Larabawa suka sa wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu da Rodeshiya (Zimbabuwe a yau) da Portugal takunkumin mai, wannan kuwa abin a yaba ne. Sai dai kuɗin bai kai ko kusa da abin da tsadar man ta cinye ba. Ƙasashen Larabawa masu mai sun ba da agaji mai yawa ƙwarai a shekarun 1970 idan aka auna da arzikinsu, sun zarce Turawa nesa ba kusa ba, amma kaso mafi tsoka ya tafi ne Masar, Siriya da Jodan.

Ni ba na ce Afirka ta yi kuskure da ta tsaya wa Masar da Falasɗinawa ba. Gaskiya ta tsaya wa. Kuskuren shi ne ta miƙa abu mafi daraja da ke hannunta, wato ƙuri'unta a Majalisar Ɗinkin Duniya da matsayinta na diflomasiyya, ba ta zauna an rubuta me kowa zai yi wa kowa ba. Ta bar shi a hannun kara da kunya. Da Masar ta yi sulhu da Isra'ila a 1979, sai shugabannin Afirka suka ce to mu zaman me muke yi? Zayar (Kongo Dimokuraɗiyya a yau) ta maido da hulɗa da Isra'ila a 1982, Laberiya a 1983, Kodebuwa da Kamaru a 1986, Nijeriya a 1992.

Tarukan ƙoli na ɓangarorin biyu su ma sun nuna inda aka kwana. An yi na farko a Alƙahira a Maris ɗin 1977, aka yi alƙawarin kusan dala biliyan ɗaya da rabi, biliyan ɗaya daga Saudiyya. Na biyu sai 2010 a Sirte, bayan shekara 33. Kuwait ta karɓi na uku a 2013. A na huɗu, a Malabo a 2016, Maroko da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu suka fice saboda an ba wa 'yan Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke cewa nata ne, kujera. Na biyar da aka shirya a Riyad a Nuwambar 2023 an ɗage shi saboda yaƙin Gaza, amma Saudiyya ta yi nata taron ita kaɗai da shugabannin Afirka a makon. Hannunka mai sanda ke nan: harka ta tashi daga ƙungiya da ƙungiya, ta koma ƙasa ɗaya mai kuɗi tana ganawa da ƙasashe hamsin, kowa da ƙoƙon bararsa.

Yanzu ga maganar biliyoyin. Abin da ake sanarwa a taro ba kuɗi ne da za a zuba a baitulmali ba. Wani kaso rance ne mai sauƙin ruwa daga asusun raya ƙasa, kamar na Kuwait da aka kafa a 1961, na Abu Dabi a 1971, na Saudiyya a 1974, sai BADEA da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi na Jidda, wanda Nijeriya ta shiga a 2005. Irin wannan rance yana da matakai. Bayan alƙawari sai takardar fahimtar juna, sai ƙasar ta kawo cikakken binciken aikin da ƙiyasin kuɗinsa, sai hukumar asusun ta amince, sai majalisar ƙasar ta yarda a ci bashin, sai gwamnati ta ajiye nata kason. Ko bayan haka, ɗan kwangila ake biya daidai da aikin da injiniya ya sa hannu cewa an yi.

Na taɓa bin diddigin wani aikin hanya da aka sa wa hannu da gagarumin biki. Shekara uku ba a zuba ko tifa ɗaya ta tsakuwa ba. Masu ba da rancen sun yi ta aiko da wasiƙa, kuɗin yana ajiye. Abin da ya tsayar da aikin shi ne ma'aikatar ba ta biya diyyar gonakin da hanyar za ta ratsa ba, kuma an sauya minista sau biyu, kowanne ya zo sai ya ce a sake duba kwangilar. Na je wurin na tarar da turakun awo da aka kafa sun fara ruɓewa, manoma sun sake shuka a kan layin. A rediyo kuwa har lokacin ana lissafa aikin cikin abin da aka samo. Saboda haka idan ka ji an ce kuɗin bai iso ba, ka tambaya a wane mataki ya maƙale. Sau da yawa a gidanmu ne.

Kaso na biyu, wanda ya fi girma a yau, jari ne na kamfanoni, kuma mai jari riba yake nema. Ƙididdigar ayyukan da aka sanar ta nuna kamfanonin Daular Larabawa sun yi shelar jarin kimanin dala biliyan 110 a Afirka tsakanin 2019 da 2023. Shela ce, ba duka aka kashe ba, amma wanda aka aiwatar ma ba kaɗan ba ne. Kamfanin DP World na Dubai yana gudanar da tashoshin jiragen ruwa a Dakar, Luwanda, Maputo da Berbera, a 2023 kuma ya sami yarjejeniyar shekara 30 a Darussalam. Wani kamfanin Abu Dabi ya sayi kashi 51 cikin ɗari na mahaƙar tagulla ta Mopani a Zambiya a kan dala biliyan 1.1. Kamfanin SALIC na Saudiyya ya sayi sama da kashi 35 na kamfanin cinikin kayan abinci na Olam Agri a 2022. Kamfanonin Masar ne suka gina wa Tanzaniya madatsar ruwa ta Julius Nyerere mai megawat 2,115. Dalilin duk wannan a fili yake. Ƙasashen yankin Tekun Fasha suna shigo da fiye da kashi 80 na abincinsu daga waje, sun san mai ba zai dawwama ba, kuma Bahar Maliya ita ce maƙogwaron kasuwancinsu. Tashar ruwa, abinci, ma'adinai, wutar lantarki: abin da suka zo nema ke nan, kuma ban ga laifin mai neman abin da zai amfane shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharuɗɗan. Jibuti ta ba DP World tashar Dorale, daga baya ta ga yarjejeniyar ta ɗaure mata hannu, ta soke ta a Fabrairun 2018. Kamfanin ya kai ta gaban kotun sasanci a Landan ya yi ta samun nasara. Abin da aka sa wa hannu cikin murna shi ya zama igiya. A Berbera kuwa da hukumomin Somalilan, yankin da ya ɓalle daga Somaliya, aka ƙulla a 2016, gwamnatin Mogadishu ta ce ba da yawunta ba.

Amma idan kana son ganin asarar da ta fi kowacce ciwo, dubi zinare. Yaro ya shiga rami da fitila a goshi da guduma a hannu, a Darfur ko kudancin Mali ko Zamfara. Ya fito da dutse, a niƙa, a wanke da sinadarin da ke cin lafiyarsa. Dillali na tsaye da ɗan sikeli, ya saya a farashin da ya ga dama. Daga hannu zuwa hannu har ya taru, a narke shi ya zama ɗan dunƙule, wani ya sa a jakar hannu ya hau jirgi. A Dubai a tace shi, ya zama zinaren da babu mai tambayar asalinsa, ya wuce Indiya ko Suwizalan. Ƙungiyar agaji ta Swissaid da ke Suwizalan ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin aƙalla tan 435 na zinare daga Afirka, darajarsa ta haura dala biliyan 30, kuma mafi yawansa Daular Larabawa ya nufa. Sama da tan guda a kowace rana ke nan. Ka kwatanta wannan da duk rancen da aka yi ta biki a kansa. Hukumomin Dubai suna da alhaki, domin mai sayen kaya ya kamata ya tambayi inda aka samo su. Mu ma muna da namu, domin zinaren ta filayen jirginmu yake fita, a gaban jami'anmu. Gana ta kafa hukumar gwamnati a 2025 wadda ita kaɗai ke da ikon sayen zinaren ƙananan mahaƙa da fitar da shi, kuma ina ganin ya kamata sauran ƙasashe su sa ido su ga yadda za ta kaya.

Zinaren nan yana haɗe da jini a Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin ƙasar da dakarun kar-ta-kwana na RSF, ake zargin Daular Larabawa da ba RSF makamai. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin yana da tushe, ita kuma ta musanta. Sudan ta kai ƙara Kotun Duniya a 2025, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraro. Masar a nata ɓangaren tana tare da sojoji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan haka yake, janar-janar ɗin Sudan ne suka tsaga bangon. Amma wanda ya zuba wa wuta fetur ba zai ce ba shi ya kunna ba ya wanke hannu. Miliyoyin mutane sun rasa matsuguni, hatta BADEA da ke Khartum tun kafuwarsa dole ya kwashe ma'aikatansa.

Haka rikicin cikin gidan Larabawa yake faɗo mana. A 2017, da Saudiyya, Daular Larabawa, Baharain da Masar suka juya wa Ƙatar baya, Muritaniya da Komoros suka yanke hulɗa da ita, Nijar da Senegal suka janye jakadunsu, Chadi ta rufe ofishin jakadancin Ƙatar da ke ƙasarta. Me Ƙatar ta yi wa Nijar? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita kuma Ƙatar ta kwashe sojojinta da ke tsare iyakar Jibuti da Eritiriya. A 2021 masu rigimar suka sasanta a Al'ula, suka bar 'yan rakiya da jin kunya. Duk da haka adalci ne a faɗi cewa sun kashe wutar wasu rigingimun. A Jidda Habasha da Eritiriya suka sa hannu kan sulhu a 2018, a Doha gwamnatin Chadi ta sasanta da 'yan tawaye da dama a 2022, a can kuma aka zaunar da Shugaba Tshisekedi na Kongo da Shugaba Kagame na Ruwanda a Maris ɗin 2025. Abin da ke sosa mini rai shi ne Tarayyar Afirka na zaune a Addis Ababa ana ɗaukar rigimarmu ana kai ta wata nahiya.

Larabawan arewacin Afirka labarinsu daban ne, domin maƙwabta ne, kuma gasarsu tana iya zama alheri gare mu idan mun iya. Maroko ta fice daga ƙungiyar Afirka a 1984 ta dawo a 2017, kuma kafin ta dawo sai da bankunanta da kamfanin wayarta suka bazu a Afirka ta Yamma. Yarjejeniyar takin zamani da Nijeriya ta ƙulla da kamfanin OCP na Maroko a Disambar 2016 tana cikin 'yan kaɗan da manomi ya taɓa da hannunsa, saboda an tsara ta yadda za a kawo sinadarin fosfet a haɗa shi da yuriyar gida a masana'antun cikin ƙasa. Ga kuma bututun gas biyu da ke zawarcin Nijeriya: na Maroko da zai bi gaɓar teku sama da kilomita 5,000, da na Aljeriya da zai ratsa Nijar, kimanin kilomita 4,000. Mai kaya ɗaya da masu saye biyu shi ke da bakin magana, in ya san haka.

Na bar maganar mutane a ƙarshe don ita ce ta fi taɓa ka, Malam, kuma ita ce ba a cika sa wa a ajandar taro ba. Tsarin kafala na ƙasashen Tekun Fasha yana ɗaure iƙamar ma'aikaci a hannun kafilinsa. An yi gyare-gyare a Ƙatar da Saudiyya, amma masu aikin gida su ne gyaran ya fi bari a baya. Yarinya ta tafi ta hannun ejan, a karɓe fasfonta ranar da ta sauka, idan ta gudu daga cin zali ita ce mai laifi. Saudiyya ta kori 'yan Habasha kimanin 160,000 daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014, har yau kuma matasa na tsallaka teku daga Jibuti zuwa Yaman suna mutuwa a hanya. A 2017 duniya ta ga hoton bidiyon gwanjon mutane a Libiya. Aljeriya na sauke baƙin haure a cikin hamada su taka da ƙafa zuwa garin Assamaka na Nijar. Nijeriya da kanta ta ɗanɗana: a 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan ƙasar biza, kamfanin Emirates ya dakatar da jiragensa saboda kuɗinsa da suka maƙale, ba a warware ba sai 2024.

Wannan ba ƙaddara ba ce da ba ta da magani. Filifin ma tana tura mata aikatau ƙasashen nan. A 2006 ta yanke cewa ba za a ɗauki 'yarta a ƙasa da dala 400 a wata ba. A 2018, bayan an tsinci gawar wata 'yar ƙasarta a Kuwait, ta hana tura ma'aikata har sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba su damar riƙe fasfonsu da wayarsu. Tana da jami'an ƙwadago a ofisoshin jakadancinta da gidajen da mai gudu za ta fake. Ƙasashen Afirka kuwa idan ɗaya ta ce a ƙara albashi, sai ejan ya tsallaka maƙwabciyarta inda aka fi araha. Habasha, Kenya, Yuganda, Gana da Nijeriya za su iya zama su tsayar da mafi ƙarancin albashi ɗaya da takardar kwangila iri ɗaya, kowace kuma ta ajiye lauya da gidan mafaka a Riyad da Jidda da Dubai, da lambar waya da za a ɗauka ko da tsakar dare ne. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na tawagar shugaban ƙasa ɗaya zuwa taron ƙoli ɗaya ba.